Rufin Asirin da Ya Cika Maƙabarta

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, agwagin da aka saba gani a bakin kududdufai suka riƙa ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ɗaga kai. Agwagwa ce, in ta mutu a kama ƙafarta a wurga bola. Kukan kurciya jawabi ne, amma a lokacin babu mai sauraro. Da agwagi suka ƙare, sai abin ya koma kan yara.

Yaro zai tashi da amai da ciwon ciki, ya daina wasa, ya ƙi kama nono. Kafin a ankara ya fara taune-taune, idanu sun kakkafe, jiki ya sandare. Wani ya kwana biyu, wani ko kwana ba ya yi. A wanke shi, a naɗe a ɗan ƙyalle, a kai bayan gari, a dawo a baje tabarma ana amsa "ya haƙuri". Gobe kuma sai gidan maƙwabci. Da ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu kacal, Dareta da 'Yargalma, sun tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Mai karatu, ƙirga yaran gidanku, ka cire ɗaya daga kowane huɗu, sannan ka faɗa mini yadda gari zai ga wannan ya kama bakinsa.

To, bakin aka kama. Babu wanda ya yi gangami, babu wanda ya tare hanya, labarin bai isa Gusau da wuri ba balle Abuja. Likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda rediyo ke kira na-gari-na-kowa, su ne suka ci karo da lamarin a watan Maris, kuma ba shi suka fito nema ba, sa-ido suke yi kan sanƙarau. Suka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Suka ba da maganin ƙwayoyin cuta, bai yi ba. Sai suka lura da abin da kowa a garin ya sani amma ba ya so a yi zancensa: injinan niƙa suna ta ruri dare da rana, kuma ba dawa suke niƙawa ba, dutse ne. Aka ɗebi jinin yara takwas aka aika Jamus, sai aka gano gubar dalma ce. A ma'aunin likitoci na wancan lokaci, idan dalma ta kai 10 a jinin yaro hankali ya tashi, idan ta kai 45 a fara ba shi maganin fitar da ita. Jinin yaran nan ya nuna daga 168 zuwa 370. 'Yar na'urar gwajin da ake yawo da ita ƙauye-ƙauye iyakarta 65, saboda haka a kan yara da yawa ba ta ma iya ba da lamba, sai dai ta nuna abin ya fi ƙarfinta. Ƙasar da yaran ke rarrafe a kai kuwa, a ma'aunin Amurka na wancan lokaci idan dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a filin wasan yara, an shiga haɗari. A wasu wurare a ƙauyukan nan an auna fiye da 100,000.

Yadda abin ya faru babu wani siddabaru a cikinsa. Farashin zinariya ya yi tashin gwauron zabi a duniya: ozar da ba ta kai dala 300 ba a 2001 ta haura dala 1,200 a 2010. Manomin da gero ba ya kai shi baɗi ya ajiye fartanya ya ɗauki diga. Sai aka yi rashin sa'a, jijiyar dutsen da suka bi tana ɗauke da dalma mai yawa. A haƙo dutsen, a zuba a buhu, a kawo shi cikin gida. Mata a cikin kulle su farfasa, wani lokaci a turmin da ake dakan fura, a kai inji ya mayar da shi gari, a wanke, a kama zinariyar da zaiba, a shanya sauran a tsakar gida. Ƙura ta sauka a kan tabarma, a kan kwano, a kan tuwon da aka rufe da faifai. Jariri ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa, kuma ƙwaƙwalwa take nufa. Shi ya sa uban da ya wuni a rami yana nan garau, ɗansa da bai taɓa ganin ramin ba yana kabari.

Ina da dangi ta wajen uwa a wani ƙauye na wannan yanki. Ba zan faɗi sunansa ba. Na je gaisuwar mutuwa a wancan lokaci, na tarar da ɗan 'yar'uwata mai shekara biyu a kwance, an lulluɓe shi da zane, an tura kaskon garwashi ƙarƙashi ana yi masa hayaƙi. Wuyansa da ƙugunsa duk layu. An kira wani mai magani daga ƙauyen gaba, ya duba ya ce mutanen ɓoye ne suka shafe shi, wai uwar ta zubar da ruwan zafi da almuru ba ta yi bisimilla ba. Ya karɓi baƙar akuya. Ita uwar tana rakuɓe a gefe tana kuka ba sauti, don an riga an ɗora mata laifin. Na samu kawuna a zaure na durƙusa, na ce, "Kawu, don Allah a ba ni yaron nan in kai shi a auna jininsa." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai ɗan boko, mi kas sani? Allah yab ba mu, in ya so karɓa wa ka hana shi?" Na ce ai neman magani ba jayayya da Allah ba ne. Sai ya rage murya, ya leƙa ƙofar zaure ko akwai mai ji, ya ce, "In kak kai shi, tambaya za su yi. In sunka yi tambaya, zuwa za su yi. In sunka zo, injin nan tsayawa zai yi. Mi za mu ci?"

A wannan zauren na gane abin da har yau yake ƙona mini rai. Maganar farko ta kawu ta baƙi ce, ta biyun ita ce ta cikin gida. Ya san ba aljani ba ne, ko aƙalla zuciyarsa tana raya masa. Aljanin ya fi masa sauƙi ne kawai, domin aljani ba ya aiko jami'in gwamnati, ba ya rufe rami, akuya ɗaya ta sallame shi. Su kansu ma'aikatan MSF sun koka a bainar jama'a a wannan shekarar cewa wasu garuruwa suna musanta mace-macen, suna ɓoye marasa lafiya, don tsoron kada a hana haƙar zinariya. Haka alƙaluman suka yi ta hawa, daga ɗari da sittin da wani abu da hukuma ta fara faɗa zuwa fiye da 400. Bahaushe yana kiran abin da ke ciyar da iyalinsa rufin asiri, yana kuma kiran ɓoye abin kunya rufin asiri. A ƙauyukan nan ma'anonin biyu sun haɗu a kan gawar yara. Zinariya ta sa rufin kwano a kan ɗakuna, ta sayi babura, ta yi aure na biyu da na uku, sai aka rufa mata asiri.

Kada wani ya ce na zo zagin addini. Addinin ne nake jin haushin yadda ake yi masa ƙarya. Camfi ya daɗe da gane cewa idan ya fito da rigarsa ta bori za a kore shi, sai ya sayi rawani da carbi ya zauna a sahun gaba. Wanda kakanninmu ke kira boka yanzu "malam" ne, yana fara tsubbunsa da bisimilla, yana ƙarewa da karɓar akuya. Kuma makamin da ya fi kowanne kaifi a hannunsa shi ne kalmar ƙaddara, don ya san babu Musulmin da zai so a ce ya ja da ita. Amma wane malami na Allah ne bai san labarin Sayyidina Umar ba, lokacin da ya nufi Sham ya isa Sargu aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a gaba? Ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga masa misali da makiyayin raƙuman da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya kore shar ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora dabbobinsa, cikin ƙaddarar Allah yake, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. A nan ƙasar tamu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki da yaƙi, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan cututtuka da magungunansu. Mahaifinsa Shehu Usmanu ya ƙare rayuwarsa yana yaƙar irin waɗannan al'adu da ake cusawa cikin addini. Zamfara kuwa, inda Shehu ya yi shekaru yana wa'azi, ita ce jihar da ta riga kowa shelar Shari'a a 1999. An iya rufe gidajen giya, an iya raba maza da mata a motar haya, amma ba a ga hukuma ta ɗaure mai karɓar akuya a kan yaron da ke mutuwa ba.

Da a zauren kawuna kaɗai wannan tunani ya tsaya, da da sauƙi. A watan Afrilu na 2017, sanƙarau nau'in C yana kashe mutane a arewa, Zamfara ce ta fi kowa jin jiki, kuma kafin annobar ta lafa ta ci rai fiye da dubu a faɗin ƙasa. Gwamnan jihar na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya tsaya gaban 'yan jarida a fadar shugaban ƙasa ya danganta cutar da saɓon Allah da yawaitar zinace-zinace. Gwamna guda, mai kasafin kuɗi, mai kwamishinan lafiya! Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya ba shi amsa a wani taro a Kaduna, ya ce maganar ba ta da tushe a Musulunci, in babu allurar rigakafi a je a nemo. Ni abin da nake tambaya shi ne: wace zina jaririn wata takwas ya yi? Kuma me ya sa azabar take tsallake gidajen gwamnati da unguwannin masu kuɗi, ta sauka a ɗakin da mutum goma ke kwana babu taga? Gwamnan da kawuna sana'a ɗaya suka yi. Kowannensu ya ɗauki abin da hannun ɗan Adam ya jawo, ko sakacinsa ya bari, ya jingina shi ga gaibu don kada a tambaye shi. Bambancin kawai, kawu yunwa yake tsoro.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Mutanenmu ba haka kawai suka ƙi yarda da mai farar riga ba. A 1996, lokacin wata annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa da yara kusan 200, goma sha ɗaya suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan tabon yana cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi a 2003 har aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. (Dubi sunan ma da muka ba ta: shan-inna, wai Inna ce ta shanye ƙafar. Camfin yana cikin bakinmu tun kafin mu iya karatu.) Amma a Dareta da 'Yargalma babu baƙon da ya kawo guba a kwalba. Mu muka haƙo ta, mu muka ɗauko ta a ka, mu muka shigar da ita inda aka rubuta "ba a shiga". Baƙin da ake zargi su ne suka zo suka kwana a tanti suna ɗura wa 'ya'yanmu magani.

Kuma abin da ya yi aiki a ƙarshe ba gardama ba ce. Gani ya kori ji. Masana muhalli na wani kamfanin Amurka, TerraGraphics, da cibiyar Blacksmith suka zo da wata na'ura da ake riƙewa a hannu, a ɗora ta a ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke wurin nan take. Magidanci yana tsaye za a auna bakin turmin matarsa, a auna gonar bayan gari, ya ga bambanci da idonsa. Sarakuna da masu gari suka sa baki aka fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje. Aka ɗauki samarin garuruwan aiki, suka kankare saman ƙasar tsakar gida da ɗakuna, aka binne ta a rami mai nisa, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa. Yara suka sha maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Mutuwar ta ragu ƙwarai. Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Duza, Tungar Guru, Tungar Daji: ƙauyuka bakwai aka share a 2010 da 2011. Ba a ji an yanka wa aljani ko kaza ba, kuma bai dawo ya yi ƙorafi ba.

Sai Bagega, wadda ta fi su duka girma da yawan guba. A nan ne 'yan bokon Abuja, masu yi wa ƙauyawa dariyar camfi, suka nuna nasu halin. Likitoci ba sa iya fara magani sai an share gari, domin ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Yara wajen 1,500 suna jira. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta yi alkawarin Naira miliyan 850. Aka kira babban taro a Abuja a watan Mayu na 2012, ministocin lafiya da muhalli da ma'adinai ba wanda ya leƙo. Kuɗin ba su fito ba sai a farkon 2013, bayan wasu matasa, ciki har da Hamzat Lawal, sun tayar da ƙura a intanet da kiran a ceci Bagega, ƙungiyar Human Rights Watch kuma ta yi ta tsikarar gwamnati. Kusan shekara uku ke nan da gano cutar. Wanda ya ɗora wa aljani laifi jahilci ne uzurinsa. Wanda ya karanta rahoton, ya ga lambobin, ya tura fayil ɗin cikin durowa ya tafi Umara, shi mene ne nasa?

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 2015 sai ga shi a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja: zinariya, injin niƙa, ƙura, yara 28 a kabari cikin 'yan makonni. Shekara biyar cif bayan Zamfara, kamar ba a taɓa yi ba. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ba don yara ba, don 'yan bindiga. Hani irin wannan ba ya rufe rami, ƙara tura aikin yake yi cikin duhu, inda ba mai aunawa, ba mai tambaya. Garin da dā yake ɓoye gawa don tsoron hukuma, bayan hanin sai ya samu dalili biyu na yin shiru, kuma ma'aikacin lafiya ba ya iya bin hanyar ko da an kira shi. Idan ana neman mutanen ɓoye na gaskiya, ga su nan: dillalan da ke zuwa da ɗan sikeli su auna zinariya su biya su ɓace, da manyan da ke bayansu waɗanda ba a taɓa jin sunansu a wurin ta'aziyya ba. Su ba sa niƙa dutse a gidajensu. 'Ya'yansu suna makarantun kuɗi a Abuja da Kaduna.

Mu na birni ma kada mu yi saurin taɓe baki. Tozalin da kaka ke rambaɗa wa jariri tun kafin suna, wai don ido ya yi kyau kuma ya kare shi daga kambun baka, sau da yawa dutsen dalma ne aka niƙa. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun samu dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da suka bi sawu sai suka tarar tozalin da ake sa masa ne, aka auna shi fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Je ka faɗa wa kakarka haka ka ji amsar da za ta ba ka. Za ta ce da shi aka raine ka, ga ka nan har ka yi digiri.

Ɗan 'yar'uwata bai mutu ba. Uwarsa ce ta yi ta maza: da asuba, kafin a fito masallaci, ta goya shi ta bi ta bayan danga, na ɗauke su a babur. Aka auna jininsa, na'urar ta kasa ba da lamba. Ya sha magani zagaye bayan zagaye. Kawu ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata, ita kuma ta sha gori a wurin kishiyoyi, wai ta tona wa gari asiri. Maganin yana fitar da dalma, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta cinye a ƙwaƙwalwa. Yaron yanzu saurayi ne, har gemu ya fara tsiro masa. Sa'o'insa sun sauke, wasu sun yi aure, shi yana nan a ƙananan surori, abin da aka biya masa da safe kafin azahar ya zube. Malaminsu ya gaji da dukansa ya ƙyale shi yana ɗebo wa makaranta ruwa. Zuwana na ƙarshe na same shi a gindin bishiya da allonsa a cinya, yana bin baƙaƙen da yatsa, bakinsa yana motsi ba abin da ke fita. Wata tsohuwa da ke wucewa ta ga ina kallonsa, ta tsaya ta ce mini, "Bar shi, ɗana. Tun yana ƙarami mutanen ɓoye sunka taɓa shi."